Takardar jini ta ce lafiya lau, baya kuma ya ƙi tanƙwaruwa

Ciwon baya ba baƙo ba ne a zangunan Kumasi. Direban pragya, keken haya mai ƙafa uku, da ke zirga-zirga tsakanin Aboabo da Kejetia yana fama da shi, haka telan da ke wuni a duƙe kan keke, haka mai dakon buhunan albasa. Galibinsa na wahala ne: aiki ya tsananta shi, kwanciya ta kwantar da shi. Amma akwai wani iri da ke tafiya a baibai. Shi hutu ne ke tayar da shi, motsi ya sassauta shi. Yakan kama mutum da ƙuruciyarsa, kusan kullum kafin shekara 45, ya tashe shi daga barci a tsakar dare da ciwo a ƙugu da ɗuwawu, yau dama gobe hagu. Da asuba bayan ya sandare, ruku'u ya zama aiki, sai an yi rabin sa'a ko fiye ana kai-komo kafin jiki ya saki. A gida ana ce masa sanyi, a nemo man zafi. Likitocin gaɓoɓi kuwa suna kiransa ankilosin spondilaitis idan ya riga ya bar tabon da hoton ƙashi ke nunawa, kuma tun 2009 suka yarda cewa cutar takan yi shekaru tana ci kafin tabon ya fito.

Garkuwar jiki ce ke tayar da kumburi a mahaɗar ƙashin baya da ƙashin ƙugu, da wuraren da jijiyoyi ke manne da ƙashi. Idan kumburin ya daɗe, sai jiki ya riƙa toshe ɓarnar da sabon ƙashi, ƙasusuwan baya su haɗe da juna ɗaya bayan ɗaya. Wanda abin ya yi nisa a jikinsa ba ya iya juya wuya wajen sallame salla, sai dai ya juya da kafaɗunsa gaba ɗaya. Ƙashin da ya haɗe ba ya rabuwa. Shi ya sa bayan an gano cutar, tambayar da ke gaban likita a kowace ziyara ita ce: yanzu tana ci, ko ta lafa? A kan amsar ne ake tsai da shawarar a ci gaba da maganin da ake sha ko a koma wani mai ƙarfi da tsada. Kuma a nan ake juyawa ga jini.

Gwajin da ya fi daɗewa shi ne ESR. Duk wanda ya leƙa ɗakin gwaji ya ga yadda ake yinsa: siririn bututun gilashi mai ma'auni daga 0 zuwa milimita 200, a cika shi da jinin da aka hana daskarewa, a tsayar da shi cak, a duba agogo. Bayan sa'a ɗaya jajayen ƙwayoyin sun nutse, ruwa mai launin rawaya ya taso sama, sai a karanta milimita nawa suka sauka. Idan akwai kumburi a jiki, hanta takan ƙara fitar da wani sinadari mai suna fibirinojin, shi kuma ya sa jajayen ƙwayoyin su manne da juna a jere, su yi nauyi, su nutse da sauri. Wani likita ɗan Suwidin, Westergren, shi ya tsara wannan hanya a 1921, kuma har yau ba ta canja sosai ba. Arha gare ta, ba ta ma buƙatar lantarki. Sai dai abubuwa da yawa na taɓa ta. Bututu ya ɗan karkace, lamba ta hau. Ɗaki ya yi zafi, ta hau. Jinin ya daɗe a ajiye kafin a auna, ta sauka. Shekaru na ɗaga ta, juna biyu na ɗaga ta, ƙarancin jini na ɗaga ta ko da babu kumburi ko kaɗan.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai a Ghana, a 1995, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma an ga kusan jariri 2 cikin 100 na zuwa duniya da cutar. Ƙwayoyin jinin mai sikila ba sa jeruwa yadda na sauran mutane ke yi, don haka ESR ɗinsa kan zauna ƙasa ko da jikinsa na fama da kumburi. Ga shi kuma sikila da kanta tana kawo ciwon baya da lalacewar kan ƙashin cinya. Mai sikila da ke riƙe da takardar ESR mai lamba 8 bai sami wani labari ba tukuna.

Gwaji na biyu, CRP, ya fi ESR kaifi. Furotin ne da hanta ke zubowa cikin jini idan wani ɗan saƙon garkuwar jiki, IL-6, ya iso mata. Wasu masu bincike biyu, Tillett da Francis, suka gano shi a 1930 a jinin masu ciwon huhu a birnin New York. Yakan fara hawa cikin sa'o'i shida zuwa takwas, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, kuma idan abin da ya tayar da shi ya wuce, rabinsa kan ɓace cikin sa'a 19. ESR kan yi makonni kafin ya sauko, CRP kwanaki. Siffar jajayen ƙwayoyi ba ta dame shi ba. Duk likitan da aka ba zaɓi tsakanin biyun a wannan cuta, CRP zai ɗauka.

To ga inda gizo ke saƙar. Cikin masu wannan cuta, har waɗanda ke kwana ba barci saboda ita, kaso mai yawa, wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, CRP ɗinsu na fitowa daidai. Kumburin yana can cikin ɓargon ƙashi da bakin jijiya, a wuri ƙarami, kuma manyan masu hura shi su ne wasu 'yan saƙon garkuwar jikin, TNF da IL-17, ba IL-6 da ke tayar da hanta ba. Hoton MRI na iya nuna ƙashin ƙugu ya jiƙe da kumburi alhali takardar jini fes take. An ma ga haka ta ɗaya ɓangaren. Akwai wani magani, tosilizumab, da ke toshe hanyar IL-6, kuma yana aiki sosai a wani nau'in ciwon gaɓoɓin. Da aka gwada shi a kan masu ankilosin spondilaitis, CRP ɗinsu ya faɗi warwas, amma ciwon baya da sandarewa suka tsaya inda suke, har aka dakatar da gwajin. A ganina babu hujjar da ta fi wannan nuna cewa lambar daban, cutar daban. Amma fa sau nawa ake sallamar saurayi da cewa jininka lafiya lau, je ka rage tunani? Nazarin da ya tattara alƙaluma daga ƙasashe da dama ya nuna ana ɗaukar kimanin shekara shida zuwa bakwai tsakanin fara ciwon da gano sunansa, kuma dogaro da takarda mai kyau na cikin dalilan.

Wannan ba ya nufin CRP ba shi da amfani. Idan ya hau, kuma an tabbatar babu wani abin da ya ɗaga shi, maganarsa na da nauyi. Bin diddigin marasa lafiya da aka yi a Jamus ya nuna abubuwa uku ne suka fi nuna wanda ƙashin bayansa zai ci gaba da haɗewa: wanda ya riga ya fara haɗewa, mai shan taba, da mai CRP a sama. Kuma masu CRP a sama sun fi samun sauƙi idan aka sa su kan alluran da ke toshe TNF. Hawansa gargaɗi ne, zamansa ƙasa ba wanke kai ba ne.

Saboda wannan gurguntaka ne aka daina barin jini ya yi magana shi kaɗai. A 1994 likitoci a garin Bath na Ingila suka fito da BASDAI, tambayoyi shida da mara lafiya ke amsawa da kansa daga 0 zuwa 10: gajiya, ciwon baya da wuya, ciwon sauran gaɓoɓi, wuraren da ke zafi in an taɓa, tsananin sandarewar safe da tsawonta. Maki 4 zuwa sama, cuta na ci. Aibinsa a fili yake: babu abin da ake aunawa, duk ji ne. Mai damuwa, mai rashin barci, ko mai ciwon jiki na wani dalili zai iya kai maki 7 ba tare da kumburi ba. Mu kuma a nan matsalarmu sau da yawa akasin haka ce. Likita ya ce, "Malam, yaya bayan?" A ce, "Da sauƙi, Dokta, alhamdu lillahi," alhali matarsa ce ta sa masa takalmi da safe. Wanda aka rena da cewa raki abin kunya ne, idan ka ba shi ma'auni daga 0 zuwa 10, zai ce 3 a inda wani zai ce 8.

A 2009 ƙungiyar masana cutar ta duniya, ASAS, ta haɗa biyun a lissafi ɗaya da ake kira ASDAS: tambayoyi huɗu da CRP. Ƙasa da 1.3 cuta ta kwanta. Daga nan zuwa 2.1 tana ci kaɗan, daga 2.1 zuwa 3.5 tana ci sosai. Sama da 3.5 ta yi tsanani. A ɗauki misalin tela da ya ba ciwon bayansa maki 7, tsawon sandarewar safe 6, yadda yake jin jikinsa gaba ɗaya 7, sauran gaɓoɓi 2. Idan CRP ɗinsa miligiram 2 ne a lita, wato daidai, lissafin zai ba da kusan 2.7. Cutarsa na ci sosai duk da kyan takardar. Idan CRP ɗin 30 ne, sai ya haura 4. Shawarwarin da ASAS da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai suka sabunta a 2022 sun ɗauki 2.1 a matsayin mashigi: wanda ya gwada iri biyu na magungunan kumburi irin su diklofenak ko naproksen, cikakken awo, na tsawon mako huɗu a jimlace, kuma bai sauko ƙasa da wannan lamba ba, ya cancanci a duba masa manyan magunguna. Kuma ba a cewa magani ya yi aiki sai lambar ta ragu da aƙalla 1.1.

Wani ɗan abu da ke rikita mutane: wasu ɗakunan gwaji na rubuta CRP da miligiram a lita, wasu a desilita, bambancin ninki goma ne. Mai 1.2 a takarda ɗaya shi ne mai 12 a wata. Wasu kuma gwajin gaggawa suke yi wanda ke cewa akwai ko babu kawai, kuma ba a iya lissafin ASDAS da shi. Kafin a biya kuɗi, a tambaya ko za a ba da lamba.

Yanzu ga sabon yayi. Tunda kusan kowane asibiti na yin ƙidayar ƙwayoyin jini gaba ɗaya, kuma da arha, masu bincike suka ce me zai hana a tatso labarin kumburi daga cikinta? Kumburi kan ɗaga fararen ƙwayoyin da ake kira nutrofil, ya ɗaga filatilet masu daskarar da jini, ya ɗan rage wasu fararen ƙwayoyin da ake kira limfosayit. Sai a yi lissafi: a raba adadin nutrofil da na limfosayit a sami NLR, a raba filatilet da limfosayit a sami PLR, ko a ninka filatilet da nutrofil a raba da limfosayit a sami SII, wanda asalinsa a 2014 aka ƙirƙiro shi don masu sankarar hanta. An rubuta takardu da yawa a kan waɗannan, akasari daga Turkiyya da Sin. Abin da suka nuna a dunƙule shi ne, idan aka kwatanta taron masu cutar da taron masu lafiya, lambobin masu cutar sun ɗan fi hawa. Amma dangantakarsu da tsananin ciwon mutum ɗaya ba ta da ƙarfi, kowane bincike da iyakar da ya yanka, kuma mafi yawansu waiwayen fayilolin asibiti ɗaya ne. Shawarwarin 2022 ba su sa ko ɗaya daga cikinsu a ma'aunin yanke hukunci ba.

Ga mai neman sauƙin aljihu, dabarar na da daɗin ji. Ba sabon gwaji, ba ƙarin kuɗi, lissafi ne kawai a waya. Amma mai awo ya san mudun Kano ba olonkar Kejetia ba ne, ko da hatsin iri ɗaya ne. Kusan dukkan 'yan asalin Afirka ta Yamma ba su da wani furotin mai suna Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jininsu. Gado ne da ke kare mu daga wani nau'in maleriya, vivaks, kuma yana tafe da ƙarancin nutrofil a cikin jini ba tare da wata illa ba. Lafiyayyen mutum a unguwar Asawase ta Kumasi na iya samun nutrofil 1.8 da limfosayit 2.4, NLR ɗinsa 0.75, alhali a Turai yawancin masu lafiya na tsakanin 1 da 3. Idan cutar ta tashi ta ninka masa lambar sau biyu, zai kai 1.5 ne kawai, wanda duk wata iyaka da aka yanka a Ankara ko Shanghai za ta ce lafiyarsa ƙalau.

Sauran abubuwan da ke cikin lissafin ma ba su tsira ba. Maleriya na kayar da filatilet da limfosayit, ta kuma cilla CRP sama, wani lokaci fiye da 100, abin da wannan ciwon baya shi kaɗai ba kasafai yake yi ba. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, wanda ya yi yawa a mata, na ɗaga filatilet. Mai sikilar da saifarsa ta daina aiki kan zauna da fararen ƙwayoyi da filatilet a sama duk rayuwarsa. Ƙanjamau na cinye limfosayit. Sai kuma babban mai ɓata lissafi, wanda mara lafiya ba ya faɗa sai an tambaye shi da suna: deksametason da firednisolon da ake saya a kemis, ko ake samu cikin haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda don ciwon jiki. Waɗannan na ɗaga nutrofil, su rage limfosayit, su kuma danne CRP. Wato a takarda ɗaya NLR zai yi ihu, CRP ya yi shiru, kuma dukkansu ba cutar suke bayyanawa ba. Ga shi kuma shan su na dogon lokaci ba ya cikin maganin wannan ciwo na ƙashin baya, sai dai ya rarake ƙashin da dama yake da rauni. Ƙiba da taba su ma suna ɗaga CRP kaɗan-kaɗan, a kullum.

Ban ce a watsar da waɗannan lambobi ba. Inda nake ganin za su iya amfani shi ne idan aka kwatanta mutum da kansa: NLR ɗinsa na lokacin da yake jin daɗi da na lokacin da ciwon ya taso, a ɗakin gwaji ɗaya, ba zazzaɓi, ba ƙwayar kemis. Haka ma CRP. Wanda ya saba zama a 1 ya koma 5 ya motsa, ko da takardar ba ta sa masa alamar ja ba. Wannan na buƙatar a riƙa adana takardu a jere da kwanan wata, kuma a jinkirta gwaji mako biyu ko uku bayan zazzaɓi, ciwon haƙori ko mura mai ƙarfi. Amma a ɗauko iyakar wata ƙasa a yanke wa ɗan zango hukunci da ita, wannan kam ganganci ne.

Akwai gwajin da mutane ke rikitawa da waɗannan, HLA-B27. Shi ba ya auna tashin cuta ko kwanciyarta. Ƙwayar gado ce, ana yinsa sau ɗaya a rayuwa. A 1973 aka gano alaƙarsa da cutar, a Landan da Los Angeles kusan lokaci guda, kuma a Turawa kusan 9 cikin 10 na masu cutar suna ɗauke da shi. A Afirka ta Yamma labarin ya bambanta. Yana da ƙaranci ƙwarai a yawancin al'ummomi. Wani bincike da aka buga a 1997 ya sami kimanin kashi 6 cikin 100 na Fulanin Gambiya suna da shi, amma ba a ga mai cutar ko ɗaya ba cikin waɗanda aka duba. A Togo kuma an sami masu cutar da ba su da shi, suna ɗauke da wata ƙwayar daban. Rashinsa a jinin mutumin Kumasi bai kore cutar ba.

Ana kuma bin sawun wasu alamomin, musamman kalfurotektin, wanda nutrofil ke saki a daidai wurin kumburi. A jini har yanzu a hannun masu bincike yake. A bayan gida kuwa ya riga ya shiga aiki, domin kusan rabin masu wannan cuta na da ɓoyayyen kumburi a hanji, kuma 5 zuwa 10 cikin 100 na da cikakkiyar cutar kumburin hanji. Mai ciwon baya irin wannan da ke yawan gudawa ko ganin jini a bayan gida ya faɗa wa likita, don yana canja zaɓin magani: masu toshe IL-17 na iya tsananta ciwon hanjin. Haka jan ido mai zafi da ƙin haske, wanda ke samun kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Wannan na likitan ido ne a ranar, kome CRP ya ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba takarda mai kyau ba ce, takarda mai muni ce da aka yi wa gurguwar fahimta. Saurayi ya zo da ciwon baya na watanni, ESR 90, CRP 60. A littafin Turai wannan cuta ce mai tsanani da ke neman allurar toshe TNF. A Kumasi dole a fara tambayar tarin fuka na ƙashin baya, wanda ke zuwa da rama, zufar dare da zazzaɓin yamma, wani lokaci ba tari ko kaɗan. Idan mahauci ne, ko mai harkar shanu, ko mai shan nonon da ba a dafa ba, a tuna da burusela, ƙwayar cutar dabbobi da ke son mahaɗar ƙugun nan dai da ake zargi. Dukkansu suna ɗaga lambobin nan, kuma babu CRP ko NLR da zai bambance su. TNF ɗin da ake son toshewa shi ne ke tsare ƙwayar tarin fuka a inda jiki ya killace ta. A toshe shi a jikin mai ɗauke da ita, sai ta bazu. Haka ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Ghana kuma da dama ba su san suna da shi ba, yakan farka idan aka danne garkuwar jiki. Shi ya sa a manyan asibitoci irin su Komfo Anokye na Kumasi da Korle Bu na Accra, inda ake samun likitocin da suka san wannan fanni, mara lafiya zai ga an tura shi hoton ƙirji, gwajin tarin fuka, na hanta da na ƙanjamau kafin a yi maganar allura, ko da ASDAS ɗinsa ya haura 3.5. Wanda kuma ya daɗe yana shan diklofenak kullum, a ƙara masa gwajin ƙoda da awon hawan jini a cikin jerin.